Yadda Za Ka Gano Foldar da Shirinka Ke Aiki a Cikinta da Cikakken Adireshin Fayil

Tambayar da ta fi yawa daga masu koyon rubuta kod a Birnin Kebbi, Kalgo da Aliero, musamman idan lokacin kammala furojet ya ƙarato, ita ce wannan: ga fayil a cikin folda, mutum na ganinsa da idonsa, amma Python ta kafe cewa babu shi. Saƙon da ke fitowa shi ne:

```
FileNotFoundError: [Errno 2] No such file or directory: 'farashi.csv'
```

Galibi fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Matsalar ita ce gajeren adireshi irin `farashi.csv` ko `bayanai/farashi.csv` ba ya faɗin daga inda za a fara nema. Kamar a yi maka kwatance a waya ne, a ce ka bi dama, gida na uku. Idan kana tsaye a bakin kasuwa za ka isa wani gida, idan kana tasha kuma ka isa wani daban. Kwamfuta tana fara ƙirga ne daga foldar da aka tayar da shirin a cikinta, wato foldar aiki, ba daga inda fayil ɗin kod ɗinka yake ba. Cikakken adireshi shi ne wanda ya faro daga tushe, kamar `C:\Users\Dalibi\albasa\bayanai\farashi.csv` a Windows ko `/home/dalibi/albasa/bayanai/farashi.csv` a Linux. Shi kam duk inda aka tsaya wuri ɗaya yake nunawa.

Kayan aiki

Kana buƙatar Python 3, kyauta ce, kuma wadda ake saukewa don Windows ba ta kai megabayit 30 ba. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya bin komai a wayar Android ta manhajar Termux, mai ba da tagar rubuta umarni irin ta Linux. Bayan saukewa ba sai an kunna data ba.

Misalin da za mu yi ta amfani da shi shiri ne mai karanta farashin albasa na kasuwar Aliero:

```
albasa/
    lissafi.py
    bayanai/
        farashi.csv
```

1. Fara tambayar tagar umarni

Tun kafin ka taɓa kod, ka san inda kake tsaye.

A Command Prompt na Windows rubuta `cd` shi kaɗai ka danna Enter. A PowerShell, Linux, Mac ko Termux rubuta `pwd`. Abin da ya fito shi ne foldar aikin da duk shirin da ka tayar daga wannan tagar zai gada.

Gargaɗi: a Linux da Termux, `cd` shi kaɗai ba ya nuna komai, ɗaukar ka yake yi ya mayar da kai foldar gida. A can `pwd` ake amfani da shi.

Gargaɗi ga masu aiki daga filash: a Command Prompt, idan kana kan `C:` ka rubuta `cd E:\albasa`, ba za ka ga kuskure ba, amma kana nan kan `C:` ba ka motsa ba. Sai ka sa `/d`:

```
cd /d E:\albasa
```

Akwai hanya mafi sauƙi. Buɗe foldar a File Explorer, danna layin adireshi na sama, goge abin da ke ciki, rubuta `cmd`, danna Enter. Tagar za ta buɗe a cikin wannan foldar kai tsaye.

2. Sa shirin ya faɗi inda yake

Saka waɗannan layuka a saman `lissafi.py`, kafin duk wani layi da ke buɗe fayil:

```python
import os
print(os.getcwd())
print(os.listdir())
```

Layin farko na bugawa zai nuna foldar aiki, na biyu ya jera abin da ke cikinta. Idan ba ka ga `bayanai` a jerin ba, ka riga ka gano ciwon. Da `pathlib`, wanda ya shigo Python tun 3.4, ana rubuta shi haka:

```python
from pathlib import Path
print(Path.cwd())
```

Yanzu yi wannan gwaji, kuma don Allah kada ka tsallake shi, domin wanda ya yi shi da hannunsa sau ɗaya ba ya sake ruɗewa. Tayar da shirin daga wuri biyu:

```
cd C:\Users\Dalibi\albasa
python lissafi.py
```

sannan

```
cd C:\Users\Dalibi
python albasa\lissafi.py
```

Kod ɗaya ne, ko harafi ba a canza ba. A karo na farko zai buga `C:\Users\Dalibi\albasa` ya sami fayil. A karo na biyu zai buga `C:\Users\Dalibi`, ya je neman `C:\Users\Dalibi\bayanai\farashi.csv`, abin da babu shi.

3. Gano wanda ya zaɓa maka foldar

Ba kullum kai ke rubuta `cd` ba. Sau da yawa manhajar da ta tayar da shirin ce ke zaɓa, kuma kowacce da ɗabi'arta.

- IDLE: idan ka danna F5, yana komawa foldar da fayil ɗin yake. Shi ya sa wanda ya fara koyo da IDLE yakan daɗe bai haɗu da matsalar ba.
- PyCharm: shi ma yakan fara da foldar fayil ɗin, kuma ana canza ta a gurbin Working directory cikin saitin tayar da shiri.
- VS Code: yana amfani da babbar foldar da ka buɗe ta Open Folder. Idan ka buɗe `C:\Users\Dalibi` alhali kod ɗin na cikin `albasa`, ka faɗa cikin gwaji na biyu na sama. Akwai saiti mai suna `python.terminal.executeInFileDir` da ke sa shi shiga foldar fayil ɗin tukuna.
- Jupyter: foldar da fayil ɗin `.ipynb` yake.
- Task Scheduler na Windows, mai tayar da shiri da kansa a lokacin da aka tsara: idan ka bar gurbin Start in babu komai, shirin zai tashi a `C:\Windows\System32`.
- `cron` na Linux, mai irin wannan aikin: foldar gidan mai asusun.

Wannan ne dalilin da furojet kan yi aiki a kwamfutar ɗalibi, amma ranar da ya kai shi gaban malami aka buɗe da wata manhaja sai ya ƙi. Gyara saitin VS Code zai ɗauke maka ciwon kai a taka kwamfutar kawai, na malamin yana nan yadda yake. Gyaran gaskiya a cikin kod ake yin sa, a mataki na 5.

4. Mayar da gajeren adireshi cikakke

```python
import os
from pathlib import Path

print(os.path.abspath("bayanai/farashi.csv"))
print(Path("bayanai/farashi.csv").resolve())
```

Dukansu suna ɗaukar foldar aiki su liƙa ta a gaban abin da ka ba su, su kuma share alamun `.` da `..` da ke ciki. Ɗigo ɗaya na nufin foldar da ake ciki, ɗigo biyu na nufin wadda ke samanta.

Gargaɗi na farko: `abspath` ba ya neman fayil. Haɗa rubutu kawai yake yi. Ko ka ba shi sunan da bai taɓa wanzuwa ba, zai dawo maka da adireshi mai kyan gani. Mutane da dama kan sa `abspath` suna zaton sun yi magani, alhali sun dai tsawaita adireshin da tun farko ba daidai ba ne. Amfaninsa shi ne ya nuna maka ainihin inda shirin ke leƙawa. Don tabbatar da cewa fayil na nan:

```python
f = Path("bayanai/farashi.csv").resolve()
print(f, f.is_file())
```

Idan kana son shirin ya tsaya nan take in babu fayil, rubuta `resolve(strict=True)`.

Bambancin biyun yana fitowa idan akwai mahaɗar da ke nuni zuwa wata folda. `resolve` na bin mahaɗar har inda ta tsaya, `abspath` ba ya bi. Masu Termux za su ga wannan ƙarara: bayan `termux-setup-storage`, foldar `~/storage/shared` mahaɗa ce kawai, kuma `resolve` zai nuna `/storage/emulated/0`, wanda shi ne ainihin ma'ajin wayar.

Gargaɗi na biyu: alamar `~` tagar umarni ce ke gane ta, Python ba ta faɗaɗa ta da kanta. `open("~/farashi.csv")` zai ba da kuskure. Yi amfani da `Path.home() / "farashi.csv"` ko `Path("~/farashi.csv").expanduser()`.

5. Ɗaure adireshi a jikin fayil ɗin kod

Nan ne ainihin aikin. Python tana ajiye adireshin fayil ɗin da take gudanarwa a cikin `__file__`. Daga nan za ka gina komai:

```python
from pathlib import Path

TUSHE = Path(__file__).resolve().parent
FARASHI = TUSHE / "bayanai" / "farashi.csv"

with open(FARASHI, encoding="utf-8") as f:
    for layi in f:
        print(layi.strip())
```

`resolve()` ya ba da cikakken adireshin `lissafi.py`, `parent` ya cire sunan fayil ya bar foldar, alamar `/` kuma ta haɗa sauran. Daga yanzu ko daga ina aka tayar da shirin, ko filash ya zama `E:` yau gobe ya zama `F:` a kwamfutar shagon buga takardu, zai sami `farashi.csv` muddin foldar `bayanai` na kusa da shi.

Kada ka cire `resolve()` don rage rubutu. Kafin Python 3.9, `__file__` na fayil ɗin da aka tayar yakan zo a gajarce, kuma har yanzu akwai kwamfutocin da ke ɗauke da tsofaffin Python. Ka kuma lissafa `TUSHE` a saman fayil, kafin wani abu ya canza foldar aiki.

Idan kod ɗin na cikin ƙaramar folda, misali `albasa/kod/lissafi.py`, sai ka hau mataki biyu: `Path(__file__).resolve().parent.parent`.

Gargaɗi: `__file__` babu shi a Jupyter, babu shi kuma idan kana rubutu kai tsaye bayan alamar `>>>`. Za ka ga `NameError`. A Jupyter yi amfani da `Path.cwd()`.

Wajen rubuta fayil abin ya fi haɗari fiye da wajen karantawa, domin ba ya kuka. `open("rahoto.txt", "w")` zai ƙirƙiri fayil a duk inda foldar aiki take, shiru. Mutum ya yi ta duba foldar furojet yana cewa shirin bai fitar da komai ba, alhali rahoton na kwance a wata folda. Mafi muni, idan akwai wani `rahoto.txt` a can, an shafe abin da ke cikinsa. Don haka:

```python
FITARWA = TUSHE / "rahotanni"
FITARWA.mkdir(parents=True, exist_ok=True)
(FITARWA / "rahoto.txt").write_text("an gama", encoding="utf-8")
```

Layin `mkdir` wajibi ne, saboda `open` na ƙirƙirar fayil amma ba ya ƙirƙirar folda.

Wuri ɗaya ne bai kamata ka ɗaure da `__file__` ba: sunan fayil ɗin da mai amfani da shirin ya rubuta da kansa, kamar `python lissafi.py sabo.csv`. Shi yana nufin `sabo.csv` na foldar da yake tsaye. Ka bar wannan ya bi foldar aiki, ka yi masa `resolve()` kawai don ka iya nuna masa cikakken adireshin idan ba a samu ba. Fayilolin da suka zo tare da shirin su ke bin `TUSHE`.

Abin da ba na so in gani a kod ɗin kowa shi ne `C:\Users\sunansa\Desktop\...` an rubuta shi a tsakiyar shiri. Cikakken adireshi ne, kuma zai yi aiki, amma a kwamfuta ɗaya tak a duniya.

6. Kula da alamar `\` a Windows

Idan dole sai ka rubuta adireshin Windows da hannu, ka sani a cikin rubutun Python alamar `\` na haɗuwa da harafin da ke bin ta ta zama wani abu dabam. Kuskuren na zuwa iri biyu.

Na farko mai hayaniya ne. `"C:\Users\Dalibi"` ba zai ma bari shirin ya tashi ba, zai ba da `SyntaxError` mai ɗauke da kalmar `unicodeescape`, saboda Python ta ɗauki `\U` a matsayin farkon lambar harafi.

Na biyu shi ya fi wahalar ganewa. Duba wannan:

```python
a = "E:\albasa\bayanai\farashi.csv"
print(repr(a))
```

Abin da zai fito:

```
'E:\x07lbasa\x08ayanai\x0carashi.csv'
```

`\a`, `\b` da `\f` duk sun rikiɗe sun zama alamun da ido ba ya gani, sun tafi da haruffan farko na sunayen. Haka `\n`, `\r`, `\t` da `\v` suke yi. Ka ga ke nan duk foldar da sunanta ya fara da ɗaya daga cikin waɗannan haruffa, irin `rahoto`, `takardu` ko `noma`, ta shiga ciki. Idan ka ba `open` irin wannan a Windows, yawanci `OSError: [Errno 22] Invalid argument` za ka gani. Duk lokacin da adireshi ya ba ka shakka, buga shi da `repr`, ba da `print` kaɗai ba.

Kowanne cikin waɗannan uku daidai ne:

```python
"E:/albasa/bayanai/farashi.csv"
r"E:\albasa\bayanai\farashi.csv"
"E:\\albasa\\bayanai\\farashi.csv"
```

Na farkon na fi ba da shawara, Windows na karɓar sa. Mai `r` yana da amfani idan ka kwafo adireshi daga File Explorer, sai dai ba ya yarda ya ƙare da `\` guda ɗaya kafin alamar rufewa.

Gargaɗi wajen haɗa adireshi: kada ka sa `/` a gaban yanki na biyu.

```python
os.path.join("/home/dalibi/albasa", "/bayanai/farashi.csv")
```

Wannan zai dawo da `/bayanai/farashi.csv` kawai. Da zarar yanki ya fara daga tushe, ana watsar da abin da ya gabace shi. `Path` ma haka yake yi.

7. Canza foldar aiki, idan ya zama dole

`os.chdir(TUSHE)` a saman fayil zai sa gajerun adireshi su yi aiki. A ɗan shiri mai fayil ɗaya ba laifi. A babban shiri ka guje shi, domin foldar aiki ɗaya ce ga shirin baki ɗaya, kuma idan wani sashe ya canza ta, sauran sassan duk sun tashi daga inda suke ba tare da sun sani ba. Daga Python 3.11 akwai `contextlib.chdir`, wanda ke mayar da kai inda kake bayan an gama:

```python
from contextlib import chdir
with chdir(TUSHE / "bayanai"):
    print(Path.cwd())
```

Idan wani shiri za ka kira, ba sai ka motsa ba: `subprocess.run(umarni, cwd=TUSHE)`.

8. Sauran harsunan kod

Ƙa'idar ba ta canzawa, sunaye ne suka bambanta.

A PHP, `getcwd()` na ba da foldar aiki, `__DIR__` na ba da foldar fayil ɗin. Rubuta `require __DIR__ . '/config.php';` maimakon `require 'config.php';`. Shi `realpath()` yana dawo da `false` idan babu fayil, don haka ka duba kafin ka yi amfani da amsarsa.

A Node.js, `process.cwd()` da `__dirname`, sai `path.resolve()` don cikakken adireshi. Idan fayil ɗinka na amfani da `import` maimakon `require`, `__dirname` babu shi. Sababbin Node, daga 20.11, suna da `import.meta.dirname`.

A Java, `System.getProperty("user.dir")` ko `Paths.get("").toAbsolutePath()`. Kada ka rikita shi da `user.home`, wanda shi foldar gida ce. A C++17 akwai `std::filesystem::current_path()`, a C kuma `getcwd` daga `unistd.h`, ko `_getcwd` daga `direct.h` a Windows.

9. Idan ka mayar da shirin `.exe`

Masu haɗa furojet da PyInstaller ta `--onefile` su lura. Duk lokacin da aka danna `.exe` ɗin, yana warware kansa a wata foldar wucin gadi, `__file__` ya nuna can, kuma ana share foldar idan an rufe shirin. Duk abin da ka ajiye a `TUSHE` ya tafi. Idan kana son bayanai su zauna kusa da `.exe` ɗin:

```python
import sys
if getattr(sys, "frozen", False):
    TUSHE = Path(sys.executable).resolve().parent
else:
    TUSHE = Path(__file__).resolve().parent
```

10. Folda ta yi daidai amma har yanzu babu fayil

Sai ka koma kan sunan. Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil, don haka abin da kake gani `farashi.csv` yana iya zama `farashi.csv.txt`, musamman idan da Notepad aka adana shi. Kunna File name extensions a ƙarƙashin View cikin File Explorer, ko ka buga `os.listdir(TUSHE / "bayanai")`, wanda ba ya ɓoye komai.

Linux na bambanta babban harafi da ƙarami. `Farashi.csv` da `farashi.csv` fayil biyu ne a can, alhali Windows na ɗaukar su ɗaya. Wannan ke kama mutane ranar da suka ɗora shafinsu a sabar intanet. Sunan da ke da ƙ, ɗ ko ɓ ma yakan jawo ruɗani: an adana `ɗalibai.csv`, a kod kuma an rubuta `dalibai.csv`. Ga sunayen fayil da folda, ka tsaya kan ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, ba tare da tazara ba. Idan tazara ta riga ta shiga, sa adireshin cikin alamar zance a tagar umarni: `cd "C:\Users\Dalibi\aikin makaranta"`.

A kwamfutar da aka kunna wa OneDrive, ma'ajin intanet na Microsoft, Desktop da Documents kan koma ƙarƙashin `C:\Users\Dalibi\OneDrive\`. Riƙe Shift, danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, zaɓi Copy as path, ka kwatanta abin da ka kwafo da abin da `resolve()` ya buga, harafi bayan harafi.

11. Gwajin ƙarshe kafin ka miƙa aiki

Kwafi foldar `albasa` gaba ɗaya zuwa filash. Buɗe sabuwar tagar umarni, rubuta `cd /d C:\`, sannan ka tayar da shirin da cikakken adireshinsa, `python E:\albasa\lissafi.py`, da harafin da filash ɗinka ya samu. Ka canza wa foldar asali ta kwamfutarka suna na ɗan lokaci kafin gwajin, don kada wani adireshi da ka manta a cikin kod ya ci gaba da karanto fayil daga can. Idan ya karanta farashin, duba cewa `rahoto.txt` ya sauka a `E:\albasa\rahotanni`, ba a `C:\` ba, sannan ka cire layukan `print` da ka saka a mataki na 2.